Kunnena yana kuka kamar gyare, mai ɗakina kuma ta ce na daina sauraronta

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 36. Shekara tara ke nan ina aikin injin markaɗe a kasuwar Mile 12 da ke Legas, daga bayan asuba har la'asar sakaliya, wani lokaci sai magariba. A Agege nake zaune, janaretan maƙwabcinmu kuma a gindin tagarmu yake kwana. Kusan shekara guda kunnuwana biyu suna kuka kamar gyare, abin ya fi tsanani idan dare ya yi tsit. Mai ɗakina ta ce na daina kula ta, sai ta maimaita magana sau uku. Wallahi ina jin muryarta, kalmomin ne ba na rabewa. Mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa, na sa man zaitun, na sosa da tsinken auduga, ba canji. Wani ya ce ambatona ake yi, wani ya ce iska ce. Ba ni da wata sana'a. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu Malam, Allah Ya sawwaƙe, Ya sa kaffara ce.

A wasiƙarka akwai magana ɗaya da duk likitan kunne zai tsaya a kanta: kana jin murya, ba ka rabe kalmomi. Idan aka haɗa ta da kukan gyare a kunnuwa biyu, da shekara tara a gaban inji, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ƙara ce ta fara cin kunnenka na ciki. Gwaji ne zai tabbatar, kuma za mu gaya maka inda ake yinsa. Amma ba za mu ɓoye maka ba: abin da ƙara ta riga ta kashe a cikin kunne ba ya dawowa. Wanda ya rage shi ake ceto, kuma ana iya cetonsa ba tare da ka bar sana'arka ba.

Gobe idan ka tayar da inji, ɗora tafin hannunka a kan mazubin da ake zuba tumatir. Wannan karkarwar da ke ratsa hannunka ita ce ƙarar, kunne ne kawai yake karɓarta ta wata hanya daban. Ƙarfen yana bugun iskar da ke jikinsa, ita ma ta bugi ta gabanta, a haka har ta iso kunne, da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, duk daƙiƙa uku da ke tsakaninsu kilomita ɗaya ke nan. A cikin ƙarfe kuwa gudunta ya ninka haka kusan sau 15, don haka teburin da aka ɗaure inji a kai da kwanon rufin rumfa duk suna taya shi ihu. Riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Ramin kunne tsawonsa kusan santimita biyu da rabi ne, a ƙarshensa akwai dodon kunne, wata fata siririya mai faɗin kusan santimita ɗaya. Karkarwar iska ta kaɗa shi, shi kuma ya miƙa wa wasu ƙasusuwa uku da ke bayansa, ƙaraminsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ne ke kai saƙon cikin wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wanda bai fi ƙwayar wake ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kusan 15,000, kowacce da ɗan gashi a kanta. Ruwan ya motsa, gashin ya lanƙwasa, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Nan ne ji yake, kuma nan ne ƙara take yin ɓarna.

Ka san yadda gero yake idan iskar hadari ta kwantar da shi, washegari sai ya miƙe. Haka wannan gashin yake. Ranar da ka tashi daga aiki ka ji kunnenka ya yi dum kamar an cusa auduga, kwanciya ya yi, zuwa kwana ɗaya ko biyu ya miƙe. To amma gonar da garke ke bi ta cikinta kullum burtali take komawa. Tsuntsaye da kifaye sabo ke fito musu idan nasu ya mutu. Ɗan Adam da wanda aka haife shi da shi zai ƙare rayuwarsa.

Ɓarnar ba ta cin ko'ina lokaci ɗaya. Kunnen yaro mai lafiya yana kama sauti daga mai karkarwa sau 20 a daƙiƙa, wato mai kauri ƙwarai, zuwa mai karkarwa sau 20,000, siriri fiye da kukan sauro. Ƙarar inji ta fi fara cin sashen da ke kama sauti mai karkarwa wajen sau 4,000. A wannan yankin ne baƙaƙe irin su s, sh, ts, f da k suke. Wasula kuwa da hawa da saukar murya suna can ƙasa, inda kunnenka yake da ƙarfinsa har yanzu. Idan aka ce maka fara, ko sara, ko shara, kai “ara” kawai ke iso maka da kyau, sauran sai ka cika da hasashe. Muryar mata da ta yara ta fi ta maza siranta, shi ya sa mai ɗakinka ce ta fara lura, alhali abokanka na majalisa ba su ga komai ba tukuna. Ita ba ƙarya take yi ba, kai ma haka.

Kukan gyaren kuwa ba daga waje yake zuwa ba. Ƙwaƙwalwa ce ta daina samun saƙo daga sashen da ya lalace, sai ta ƙara wa kanta sauti tana laluben abin da ya ɓace, kamar rediyon da aka ƙure wa murya a inda babu tasha. Da rana hayaniyar kasuwa tana rufe shi, da dare ya fito fili. Addu'a kada ka fasa ta, amma wannan ciwo ne da aka san sababinsa, ana auna shi da na'ura, kuma kowace ranar da aka ɓata ana neman wanda ya ambace ka, inji yana ci gaba da aikinsa.

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Raɗa wajen 30 take, hira ta yau da kullum wajen 60, titi mai cunkoso kamar na Oshodi da safe yakan kai 80 zuwa 85. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce desibel 85 na awa takwas a rana. Abin da mutane ba su sani ba shi ne lissafin ba kamar na mudu yake ba. Duk ƙarin desibel 3 ninki ne na ƙarfin ƙarar, don haka lokacin da kunne zai iya ɗauka yana rabuwa biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 97 minti 30, 100 kuma minti 15 kacal. Injin markaɗe mai amfani da fetur ko dizal, ga wanda ke tsaye a kansa, galibi yana haura 90. Kai kuwa awa goma kake yi. Akwai manhajojin auna ƙara da ake saukewa a waya, ba su kai na'urar gaske daidaito ba amma za su nuna maka inda kake. Ko ba waya ma, tsaya da mutum tsakaninku tsawon hannu ɗaya. In sai ka ɗaga murya yake jin ka, wurin ya kai 85 ko ya wuce.

Abu na farko da za ka saya, kafin kowane magani, shi ne toshin kunne na ma'aikata. Ana samunsa a shagunan da ke sayar da hular kwano da takalmin leburori, da manyan kantunan magani. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai na soso mai laushi, akwai na roba mai leɓe uku da igiya. Na soso ya fi tare ƙara idan an sa shi daidai, kuma yawanci a nan ake kuskure. Murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri kamar tsinken ashana mai kauri, ba tare da ya naɗe ba. Ɗaga ɗaya hannun ta saman kai, ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe. Tura sosan ciki, ka danne da ɗan yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura ya cika wurin. Wanda ke kallonka ta gaba bai kamata ya hango shi ba. In rabinsa yana waje, ado ne kawai. Alamar ya zauna ita ce ka ji muryarka ta yi kauri kamar kana magana a cikin randa.

Ga mai aikin tattasai da attaruhu akwai matsalar da ba a rubuta ta a jikin kwali ba. Hannun da ya taɓa attaruhu idan ya murza soso, kunne ne zai sha raɗaɗi, kuma daga ranar mutum ya yar da abin. Ka sa shi da safe da wankakken hannu kafin ka taɓa kaya. In aikinka na yawan cirewa ne, na roba ya fi dacewa da kai, don ta ƙarshensa ake riƙe shi, ana kuma wanke shi da sabulu kullum. Ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar, saboda danshin Legas yana saurin jawo ƙaiƙayi da ciwon ramin kunne. Na soso ba a wanke shi, in ya yi datti ko ya daina kumbura a canza. Akwai kuma marufin kunne mai kama da kofi biyu a jikin baka. Yana da zafi da gumi, amma in injinka ya kusa 100, haɗa shi da toshi yana ƙara rage wajen desibel 5. Audugar da wasu ke cusawa kuwa abin da take tarewa kaɗan ne ƙwarai, sai dai ta sa mutum ya saki jiki.

Lambar da aka rubuta a kwali, 30 ko 33, wato yawan desibel da toshin ke ragewa, ta ɗakin gwaji ce. A kasuwa ka ɗauka rabinta kake samu. Sannan ga lissafin da muke so ya zauna maka: komai kyan toshi, in ka cire shi na minti biyar kacal a cikin awa ɗaya inji yana aiki, kariyar wannan awar ba za ta wuce desibel 11 ba. Saboda haka ciniki a gama shi kafin a ja igiyar tayar da inji. Rubuta farashi a allo, ka saba da mai da amsa da yatsu, in kuma dole sai an yi magana, kashe inji ko ku matsa nesa.

Shi kansa injin ana rage masa baki. Wani kaso na hayaniyar tsohon inji ba ta niƙa ba ce, ta sakaci ce: notin da ya kwance, murfin da ke kaɗawa, boris da ya bushe ba giris, bel da ya saki yana dukan ƙarfe, salansar da ta huje ko aka cire ta gaba ɗaya wai don inji ya yi ƙarfi. Ka zauna da bakanike ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Yanka tsohuwar taya ka sa a ƙarƙashin ƙafafun injin, don karkarwar ta daina shiga tebur da daɓe. Juya bakin salansa ya kalli waje, kada ya kalli inda kake tsayawa ko bangon kwano da zai dawo maka da ƙarar. Kada ka bar duwatsun suna cin juna babu kaya a ciki, kada kuma ka bar inji yana aiki kana jiran mai saye. In akwai wuta kuma hali ya yi, injin lantarki ya fi na fetur shiru nesa ba kusa ba. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da inji ƙara tana raguwa da desibel 6, don haka bencin hutunka ya bar gindin injin. Inji biyu masu ƙara ɗaya a rumfa guda kuwa ƙarin desibel 3 ne, wato sun raba lokacinka biyu. Wannan magana ce ta ƙungiyarku ta masu inji, a jera su da tazara.

Bayan aiki kunne yana bukatar hutu mai tsawo. Yawancin samari suna fitowa daga hayaniyar kasuwa su shiga danfo, wato motar haya ta Legas, su toshe kunne da iyafis, su ƙure murya don ta rinjayi hon da ihun kwandasta. Wannan ci gaba da aiki ne ga kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Kai ka cinye naka kason tun a wurin aiki. Karatu ko wa'azi, ka saurara a gida da lasifikar waya, a hankali.

Janaretan maƙwabci ba lalle ne ya kai ƙarfin da zai kurumta ka ba, amma ɓarnarsa daban ce. Ido yana da murfi, kunne ba shi da shi, ko kana barci yana kai rahoto. Ƙarar dare tana yanka barci, tana tayar da bugun zuciya, kuma an daɗe da gano alaƙar daɗewa cikinta da hawan jini. Rashin barci kuma yana ƙara wa kukan kunne ƙarfi. Abin da ya fi wannan tayar mana da hankali shi ne hayaƙin. A cikinsa akwai iskar guba marar wari marar launi da ke kashe mutane cikin barci, shi ya sa ake cewa janareta ya yi nesa da taga da ƙofa aƙalla mita shida. Ka fara da wannan hujjar idan za ka yi wa maƙwabcinka magana, cikin mutunci, don ta shafi 'ya'yansa ma. In bai ji ba, sai mai gidan haya, sai shugabannin unguwa. Daga ƙarshe akwai hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, da ke Alausa a Ikeja, wadda iyakarta ga unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 45 da dare. Kada dai a ce za a magance ƙara ta hanyar shigar da janareta cikin ɗaki ko lungun da ba iska.

Tsinken auduga, gashin kaza, ashana, kan mukulli, duk ka ajiye su. Dauɗar kunne da kanta take fitowa, tsinke ciki yake tura ta, wani lokaci ya huda dodon kunne. Man zaitun amfaninsa ɗaya ne, tausasa dauɗar da ta taurare, ɗigo biyu zuwa uku na 'yan kwanaki, shi ma sai in dodon kunne ba shi da huji kuma kunnen ba ya fitar da ruwa. Ba ya isa katantanwa, balle ya gyara ta. Maganin ɗigawar da aka ba ka ma ka dakatar har likita ya leƙa, domin wasu suna ɗauke da sinadarin da in ya wuce ta hujin dodon kunne yana ƙara lalata ji. Haka allurar jentamaisin da sitireftomaisin, da kwinin, da asfirin mai yawa, duk suna iya taɓa kunne. Daga yau duk mai rubuta maka magani ka gaya masa kunnenka yana kuka. Idan likita ne ya ɗora ka a kan ɗayansu, kada ka yanke da kanka, koma ka sanar da shi.

Asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, da ke Ikeja ya fi kusa da kai, akwai kuma LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba. Dukansu suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma zai fi sauƙi in ka fara karɓo takardar turawa daga babban asibitin da ke kusa da ku. In tafiya gida ta kama, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Za a leƙa kunnen da fitila, in dauɗa ce ta toshe a cire, wani lokaci wannan kaɗai yana dawo da wani abu. Sannan a sa ka a ɗaki marar hayaniya da abin saurare a kai, kana danna maɓalli duk lokacin da ka ji ɗan sauti. Ba zafi, ba allura, bai fi rabin awa ba. Ka je bayan ka yi aƙalla awa 14 ba ka kusanci inji ba, in ba haka ba sakamakon zai fi gaskiyar lamarin muni. Karɓi takardar ka adana, ka sake gwajin duk shekara. Ita ce za ta nuna ko toshin yana aiki. A duba maka hawan jini da suga a tafiya ɗaya, kuma ka faɗa musu in ka taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, hangum ko zazzaɓin Lassa, domin duk suna iya barin kurumta a bayansu.

Akwai alamun da ba a jira da su. Kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana ɗaya zuwa uku: asibiti a ranar, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki, bayan mako biyu damar ta ragu ƙwarai. Haka kuka a kunne ɗaya kawai, ko kuka mai bin bugun zuciya, ko jiri mai juya ɗaki, ko mugunya, ko karkacewar fuska.

Kukan kansa babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe shi, kada wani ya cinye maka kuɗi da alkawari. Abin da ke faruwa ga yawancin mutane shi ne ƙwaƙwalwa tana sabawa da shi har ta daina kula shi, kamar yadda mazaunin bakin titin jirgi a Agege yake daina farkawa. Tsit ɗin dare ne abokin gabarka. Bar fanka tana juyawa, ko karatu can ƙasa-ƙasa, ba don ya rufe kukan ba, don dai ya rage masa fili. In gwaji ya nuna kana bukatar na'urar ƙara ji, karɓe ta ba kunya, sau da yawa tana rage kukan ma. Amma wadda aka saita da takardar gwajinka, ba wadda ake tallanta a kasuwa ba, mai ƙara komai gaba ɗaya har da ƙarar da ke cutar da kai.

Mai ɗakinka kuma, ka karanta mata wannan amsa, in da hali ku je gwajin tare ta ga takardar da idonta. Shekara guda tana zaton raini ne, hakan ba ƙaramin ciwo ba ne a zuciyar mace, ka ba ta haƙuri. Ke kuma Malama, ga abin da zai sauƙaƙa muku. Kira sunansa ko ki taɓa shi ya juyo kafin ki fara magana. Kada ki yi masa magana daga madafa ko ta bayan labule, ki tsaya inda haske ke kan fuskarki, tsakaninku bai fi taku biyu ba, domin leɓenki yana cika masa baƙaƙen da suka ɓace. A rage talabijin. In bai gane ba, sauya kalmar maimakon maimaita ta sau uku. Ihu ba ya taimako: kunnen da ƙara ta taɓa ba ya jin ƙaramin sauti, babba kuma zafi yake masa, shi ya sa za ki ji ya ce “me kika ce?”, kina ɗaga murya ya ce “ai ba sai kin yi mini tsawa ba”. Duka biyun gaskiya yake faɗa.

In kana da yaron shago, sayi toshi biyu, ku riƙa karɓeɓeniya a kan inji awa bibbiyu. Matan da ke zuwa markaɗe da goyo kuma ka nuna musu inuwar da ke nesa su jira a can, kai ka kai musu roba idan ka gama.